Yashin Hoto: Yadda Ake Auna Shi a Sensar Kyamara

Duk mai ɗaukar hoton biki a Katsina ya san wannan ƙorafi. Hoton rana ya fito tas, amma na dare, wanda aka ɗauka wajen kamu ko a ƙofar gida bayan isha'i, da an faɗaɗa shi sai a ga ya yi yashi: ƙananan ɗige-ɗige, wasu ja wasu kore, sun cika inuwa da fatar fuska. Abu biyu aka saba ɗora wa laifi. Ko a ce an ɗaga ISO, wato saitin kyamara da ke ƙara wa hoto haske, da yawa, ko a ce kyamarar ta tsufa. Sau tari babu ɗaya daga cikinsu da ya yi laifin. Yashin hoto iri-iri ne, kowane da asalinsa, kuma ido ba ya iya rarrabe su. Lissafi ke rarrabewa, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ke da kyamara mai ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto yadda sensa ta bayar, da kwamfuta ba.

Sensa allo ce ta silikon da aka yanyanka ta zuwa miliyoyin ƙananan gidaje, wato fiksel. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana ce mata foton. In foton ya faɗa cikin fiksel yakan saki ilektiron guda, ko da yake ba kowane ke saki ba. A sensa mai kyau, wajen rabi ko fiye da haka ne ke yin nasara. Idan shata, wato ƙyauren da ke buɗe wa haske hanya, ta rufe, sai a mayar da ilektiron ɗin da suka taru zuwa ƙarfin lantarki, a ƙara masa ƙarfi, sannan a mayar da shi lamba. Wannan lamba ita za mu riƙa kira maki. Kyamara mai bit 12 tana da maki 4,096, mai bit 14 kuma 16,384. Haka aikin yake tun daga sensar CCD da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, har zuwa CMOS da Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a cibiyar JPL ta hukumar NASA a farkon shekarun 1990, wadda ita ce yau ke cikin kusan kowace waya da kyamara.

Yashin da ke zuwa tare da haske

Babban yashi, wanda ya fi kowane yawa a mafi yawan hotuna, ba daga kyamara yake ba. Daga hasken kansa yake. Ka ɗebi gero a hannu ka watsa a kan tabarma mai gida-gida: ko ka ƙware wajen watsawa, wani gida zai sami ƙwaya 9, na kusa da shi 13, wani 10. Haka foton ke sauka. Dokar wannan rashin daidaito sananniya ce tun lissafin da Bafaranshe Simeon Denis Poisson ya wallafa a 1837, kuma Walter Schottky ya bayyana irinsa a wutar lantarki a 1918. Dokar ta ce warwatsin adadin, wato yadda yake kaiwa da komowa daga matsakaicinsa, daidai yake da saiwar adadin, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Fiksel ɗin da rabonsa ilektiron 100 ne zai riƙa kaiwa da komowa da kimanin 10 sama ko ƙasa. Mai 10,000 zai riƙa kaiwa da komowa da 100.

A nan ake ruɗewa. Yashin mai 10,000 ya ninka na mai 100 sau goma, amma a ido shi ne ya fi tsabta, domin 100 cikin 10,000 kashi 1 ne cikin ɗari, 10 cikin 100 kuwa kashi 10 ne. Abin da ido ke gani rabon haske da yashi ne. Don ninka wannan rabo sau biyu, sai an ninka haske sau huɗu. Babu kamfanin da zai iya kawar da wannan, ko nawa aka sayi kyamarar.

To ina laifin ISO? Ɗaga ISO ba ya ƙara foton ko ɗaya, ba ya kuma rage ko ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, mai hoto yana ɗaga ISO ne a lokacin da haske ya yi ƙaranci, ko yana son shata mai sauri. Ƙarancin hasken ne ya kawo yashin, ISO ya dai haskaka hoton har aka gan shi. In aka bar buɗin lensi da saurin shata yadda suke, aka ɗauki hoto ɗaya a ISO 100 aka haskaka shi a kwamfuta, aka ɗauki wani a ISO 1600, a yawancin kyamarori na ISO 1600 ne zai fi tsabta a inuwa. Dalilin yana cikin yashi na biyu.

Yashin karatu shi ne wanda kayan lantarkin sensa ke ƙarawa duk lokacin da aka karanta fiksel, ko da haske ko babu. Wani ɓangarensa yana tasowa ne a cikin fiksel, kafin a ƙara wa siginar ƙarfi. Wani kuma a bayan haka, wajen na'urar da ke mayar da ita lamba. In ISO ya yi sama, an ƙarfafa siginar kafin ta iso wajen yashin baya, sai tasirinsa ya ragu. Shi ya sa a kyamarorin zamani yashin karatu kan sauka zuwa ilektiron 1 zuwa 3 a babban ISO, alhali a ISO 100 yakan fi haka, a wasu tsofaffin kyamarori ma ya haura 20.

Yashi iri biyu ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowane da kansa, a haɗa, a ɗauki saiwa: 3 da 4 suna ba da 5, ba 7 ba. Wannan ƙa'ida tana da amfani ƙwarai. Ɗauki kyamara mai yashin karatu 5. A wurin da fiksel ya tara ilektiron 25, yashin haske 5 ne, jimla ta zama 7.1, ka ga yashin karatu ya yi ɓarna sosai. A wurin da ya tara 400, yashin haske 20 ne, jimla 20.6, kamar ma babu yashin karatu. Ke nan gasar da kamfanoni ke yi kan yashin karatu a cikin inuwa mai duhu kawai take da ma'ana. A kan farar babbar riga ko rawani a hasken rana, babu ruwanta.

Zafi

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu. Silikon yana sakin ilektiron da kansa saboda zafi, ko da murfi a kan lensi. Yawan abin da yake saki yana ninkawa biyu a duk ƙarin digiri 6 zuwa 8, gwargwadon sensar. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina da Daura yakan haura digiri 40, sensar da ke aiki kuma ta fi iskar waje zafi, balle an daɗe ana bidiyo ko an bar allon baya a kunne. Alƙaluman da ake gani a shafukan gwaji na Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 aka ɗauke su.

A ƙaddara sensa tana sakin rabin ilektiron a kowane sakan a digiri 25. A digiri 45 ya yi ninki biyu wajen sau uku a jere, ya zama kimanin 4 a sakan. In aka buɗe shata sakan 30 don ɗaukar Hasumiyar Gobarau da taurari a bayanta, a sanyi za a tara ilektiron 15 na zafi, yashinsu bai kai 4 ba. A zafi za a tara 120, yashinsu 11, ya ninka yashin karatu fiye da sau biyu. Amma a hoton hawan sallah a Ƙofar Soro da shata 1/1000, abin da zafi zai tara bai kai kashi 1 cikin ɗari na ilektiron guda ba. Don haka masu cewa zafin rana ne ke sa hoton rana yashi, ba su auna ba. Zafi na cin hoton dare mai doguwar shata ne, sai kuma fiksel masu lahani, waɗanda ke sakin ilektiron fiye da sauran sau da yawa, su fito ja ko shuɗi ko fari a wuri ɗaya kullum.

Akwai kuma na huɗu, wanda ba ya motsi. Fiksel ba su zama ɗaya sak ba wajen ƙira. Wani ya fi maƙwabcinsa jin haske da rabin kashi ko kashi 1 cikin ɗari. Wannan bambanci yana girma daidai da haske, ba da saiwarsa ba. In kashi 1 ne, a ilektiron 10,000 ya kai 100, ya kamo yashin haske, daga nan kuma ya wuce shi. Tsarinsa ba ya canzawa daga hoto zuwa hoto, har ta kai a 2006 Jan Lukas da Jessica Fridrich da Miroslav Goljan na jami'ar Binghamton a Amurka suka nuna cewa ana iya gane kyamarar da ta ɗauki hoto ta wannan tsari. Masu binciken laifuka suna amfani da dabarar.

Shirin awo

Hanyar da ake bi ita ce wadda James Janesick ya yaɗa a JPL wajen gwada kyamarorin kumbon sararin samaniya, kuma a kanta aka gina ƙa'idar EMVA 1288 da masu kyamarorin masana'antu ke bi tun 2005. Ba ta buƙatar sanin yawan hasken da ya shiga. Yashin da kansa ne ke faɗin adadin ilektiron.

Kafin komai a sa kyamara a RAW, wanda ba a matse ba in akwai zaɓi. JPEG ba ya aunuwa: an riga an goge yashi, an kaifafa, an lanƙwasa haske, an matse. A kashe rage yashin doguwar shata, da gyaran duhun gefen lensi, da duk wani abin da kyamara ke yi da kanta. Komai a hannu: ISO, shata, buɗin lensi.

Buɗe hoton ma da ka'ida. Lightroom da Photoshop suna cakuɗa fiksel maƙwabta don fitar da launi, wannan cakuɗawar kuwa tana rage warwatsi, ta ɓata lissafin. Ana buƙatar lambobin yadda sensa ta bayar. Manhajar dcraw ta Dave Coffin tana yin haka da umarnin dcraw -D -4 -T. Akwai RawDigger ta kuɗi. Wanda ya iya Python kuma rawpy da numpy sun ishe shi. Sannan a tuna cewa fiksel jere suke bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976: a kowane huɗu, ɗaya ja, biyu kore, ɗaya shuɗi. In aka lissafa su a haɗe, bambancin launi za a auna, ba yashi ba. A ware kore guda, wato a riƙa tsallake layi ɗaya da ginshiƙi ɗaya. Daga tsakiyar hoto a yanki fili mai fiksel 200 sau 200 na wannan launi. Fiksel 40,000 sun isa su ba da warwatsi da kuskuren da bai kai rabin kashi cikin ɗari ba.

Hotunan farko na duhu ne. Murfi a kan lensi, ɗaki mai duhu ko a lulluɓe kyamarar da baƙin mayafi, shata mafi sauri, 1/4000 ko 1/8000. In kyamara mai madubi ce a toshe ramin leƙawa na baya, domin haske yana shiga ta nan. A ɗauki biyu a kowane ISO. Matsakaicin makinsu ba zai zama sifili ba: kamfanoni suna ɗora wani tushe da gangan don kada a yanke rabin yashin da ya faɗa ƙasa. A yawancin kyamarorin Sony tushen 512 ne, a Canon da dama 2,048. Wasu tsofaffin Nikon suna yanke duk abin da ya gaza sifili, kuma a irinsu wannan gwaji yana nuna yashin karatu ƙasa da yadda yake. Sai dai a ciro shi daga hotunan haske mai rauni.

Yanzu a cire hoto ɗaya daga ɗayan, fiksel da fiksel. A kula kwamfuta ta ɗauki lambobin a matsayin masu iya zama ƙasa da sifili. In ba haka ba, 511 a cire 513 zai koma 65,534, lissafi ya watse. Wannan kuskure ya fi kowane kama masu farawa. Cirewar tana kawar da duk abin da ba ya motsi, ta bar mai motsi kawai, amma na hoto biyu a haɗe, don haka a raba warwatsin da 1.414. A ƙaddara an sami 1.7, yashin karatu ya zama maki 1.2.

Hotuna na biyu na haske ne shimfiɗaɗɗe, kuma a nan gizo ke saƙar. Ana son fili mai haske bai ɗaya: farin bango, ko farar takarda ninki biyu ko uku a gaban lensi, a karkatar da fokas gaba ɗaya don kada zanen bangon ya fito. Matsalar ita ce fitila. Wutar lantarki a Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, fitilu da yawa kuma suna ƙyaftawa sau 100 a sakan ba tare da ido ya lura ba. Da shata 1/500, hoto ɗaya zai faɗa kan ƙololuwar ƙyaftawar, ɗayan a kan kwarinta, in kuma shatar lantarki ce sai ratsi-ratsi su fito. Maganin da littattafai ke bayarwa shi ne a yi amfani da 1/50 ko 1/100 ko abin da ya fi su tsawo. Wannan yana aiki da wutar layi, amma ƙaramin janareta ba ya tsayawa a 50. Da an kunna firji ko fanka sai juyinsa ya canza. Allon kwamfuta da fitila mai caji da aka rage wa haske su ma suna ƙyaftawa, domin da yawansu ta kunnawa da kashewa cikin sauri suke rage hasken. Abin da ya fi aminci shi ne fitilar LED da aka haɗa kai tsaye da batirin sola, a bar ta minti 10 zuwa 15 ta yi ɗumi, ko kuma hasken rana a inuwar bango da tsakar rana a ranar da babu gajimare. A damina wannan ba ya yiwuwa, gajimare na canza haske tsakanin hoto da hoto.

A ISO guda, a ɗauki hotuna bibbiyu, ana ƙara tsawon shata kaɗan-kaɗan daga kusan duhu har hoto ya ƙone fari fat. Matakai 15 zuwa 20 sun isa, amma a matso da su kusa da juna wajen ƙonewar. In matsakaicin hotuna biyun ya ɗan bambanta, a daidaita na biyu da na farko ta ninkawa kafin a cire. In bambancin ya wuce kashi 1 cikin ɗari, a sake ɗauka.

Lissafin

Ga misali a ISO 100 da lambobin da aka ƙaddara don bayani. Matsakaicin wani hoton haske 4,512 ne. A cire tushe 512, saura 4,000. Warwatsin bambancin hotuna biyun 44.8. A ninka shi da kansa, 2,007. A raba biyu, 1,003. A cire na karatu, wato 1.2 sau 1.2, saura kimanin 1,002. Yanzu a raba 4,000 da 1,002. An sami 4. Ma'anarsa, a wannan ISO, kowane maki ɗaya ilektiron 4 ne.

Me ya sa haka ke aiki? A ƙidayar ilektiron, dokar Poisson ta ce warwatsi in an ninka shi da kansa daidai yake da adadin. Ilektiron 16,000 suna da warwatsi 126.5. A maki kuwa, adadin ya ragu sau 4 ya zama 4,000, amma ninkin warwatsin ya ragu sau 16 ya zama 1,000. Rabon da ke tsakaninsu ne ke tona asirin 4 ɗin. Ba a dogara da mataki ɗaya. A zana duka matakan, haske a kwance, ninkin warwatsi a tsaye, za a ga miƙaƙƙen layi, daga gangarensa a ciro lambar.

Daga nan komai ya buɗe. Yashin karatu maki 1.2 ya zama ilektiron 4.8. A saman layin akwai inda warwatsi ke faɗuwa kwatsam, saboda fiksel sun fara cika, duk suna ba da lamba ɗaya. In hakan ya faru a maki 15,500 bayan cire tushe, cikin fiksel ilektiron 62,000 ne. A raba 62,000 da 4.8, an sami kusan 12,900, wato ninki biyu sau 13.7. Wannan ita ce tazarar da sensa ke iya ɗauka tsakanin mafi duhu da mafi haske, matakai 13.7. A aikace mai hoto ba zai amfana da duka ba, matakai biyu ko uku na ƙasa yashi ne zalla ga ido.

A maimaita a ISO 800. Yanzu maki ɗaya rabin ilektiron ne, don haka lambobin suna ƙarewa a ilektiron 7,750 tun fiksel bai cika ba. A ce yashin karatu ya fito maki 3. A maki ya fi na ISO 100 girma, kuma a nan mai kallon maki kawai zai yanke hukuncin cewa ISO ya ƙara yashi. A ilektiron kuwa 1.5 ne, ƙasa da sulusin na da. Tazarar ta zama matakai 12.3. An rasa matakai 3 a sama, an samo fiye da ɗaya da rabi a ƙasa.

In aka jera yashin karatu na kowane ISO, a wasu kyamarori za a ga ya faɗi farat ɗaya a wani wuri. A Sony a7 III a ISO 640 ne, a Nikon D850 a ISO 400. Fiksel ɗinsu na da hanyar karatu biyu, kuma a nan suke sauyawa. Amfanin sanin wannan a fili yake: a wurin biki mai ƙarancin haske, ISO 640 a irin wannan kyamara ya fi 500 tsabta a inuwa. Bayan wannan wuri kuma layin yakan kwanta, ƙara ISO ba ya ƙara tsabta sosai, sai dai ya ƙona farin leshi da fitilun ado. Gara a tsaya nan a haskaka a kwamfuta.

Wanda ya yi ƙyuyar ɗaukar hoto biyu ya lissafa daga ɗaya, ga abin da zai same shi. In bambancin fiksel rabin kashi ne, a ilektiron 16,000 ya kai 80, wato maki 20, ninkinsa 400. Jimla ta zama 1,400 maimakon 1,000, sai lissafi ya ba shi 2.9 maimakon 4, duk sauran alƙaluman su gurɓace. In duhun gefen lensi ko ƙurar hunturu da ta kwanta a kan sensa suka shiga filin, abin ya fi haka muni. Amma wannan bambanci tsakanin hoto ɗaya da hoto biyu shi ne kuma hanyar auna yashi mara motsi: 1,400 a cire 1,000, saiwar 400 ita ce 20, a raba da 4,000, rabin kashi. Ita ƙura, a rufe lensi zuwa f/16 ko f/22 a ɗauki sararin sama, za ta fito ɓaro-ɓaro. Ba yashi ba ce, gogewa take so.

Awon zafi da ratsi

Don auna na zafi, a koma ga murfi a rufe, a ɗauki bibbiyu a sakan 1, 10, 30, 60 da 120. Kada a dogara da hauhawar matsakaici. Yawancin kyamarori suna da fiksel rufaffu a gefen sensa, suna auna abin da zafi ya tara su cire shi kafin su rubuta hoton, sai matsakaici ya tsaya cak kamar babu komai. Yashin ne ba sa iya cirewa. A mayar da warwatsi zuwa ilektiron, a ninka da kansa, a ga nawa yake ƙaruwa a kowane sakan. Wannan ƙaruwar ita ce adadin ilektiron da zafi ke saki. In a sakan 60 ninkin ya haura na sakan 1 da kimanin 120, to wajen 2 ne a sakan. A rubuta zafin ɗaki tare da kowane awo. Kyamarorin Canon suna ajiye zafin cikinsu a bayanan hoto, manhajar ExifTool tana karanta shi. Awon da aka yi da asubar Janairu da wanda aka yi da azahar ɗin Afrilu za su iya bambanta sau takwas a kyamara ɗaya, don haka alƙalumin da ba a haɗa shi da zafi ba, ba shi da amfani.

Zaɓin rage yashin doguwar shata da ke cikin kyamara hoton duhu yake ɗauka mai tsawo ɗaya ya cire. Yana share fiksel masu lahani, amma yana ƙara yashin duhu mai motsi da kashi 41 cikin ɗari, saboda wannan 1.414 ɗin dai. Wanda ke son tsabta sosai yakan ɗauki hotunan duhu 16 a zafi ɗaya ya fitar da matsakaicinsu, yashinsu ya ragu sau 4, sannan ya cire.

Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, kuma a ganina nan ne shafukan gwaji da yawa suke gazawa. Kyamara biyu za su iya samun yashin karatu iri ɗaya, amma ɗaya nata a warwatse yake, ɗayar kuma a jere yake layi-layi. Ido yana haƙuri da warwatsattse, ba ya haƙuri da ratsi ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne. A hoton duhu, a fitar da matsakaicin kowane layi mai fiksel 400. In yashin a warwatse yake, warwatsin waɗannan matsakaitai zai zama 1.2 a raba da 20, wato 0.06. In aka sami 0.3, akwai ratsi, kuma zai fito da an ɗaga inuwa matakai uku ko huɗu. A gwada da batirin kyamara, a sake gwadawa da wayar caji a jone; in ratsin ya ƙaru, daga wajen wutar yake shigowa, ba daga sensa ba. Mai sayen kyamara ta hannu zai fi amfana da wannan gwaji da hoton duhu na sakan 30 fiye da tambayar yawan bugun shata.

Wajen kwatanta kyamarori kuma a kiyaye girman fiksel. Mai megafiksel 45 za ta fi mai 24 yashi in an duba fiksel ɗaya-ɗaya, amma in aka buga hotunan a girma ɗaya bambancin yakan kusan ɓacewa. Shi ya sa shafin gwajin kyamarori na DxOMark ke mayar da kowane hoto megafiksel 8 kafin kwatanci. Faɗin sensa ne ke yanke hukunci. Mai milimita 36 sau 24 tana da fili 864, ƙaramar da ake kira APS-C wajen 370, don haka a saiti ɗaya babbar tana tara haske fiye da ninki biyu, rabon haske da yashinta ya fi da kusan sau ɗaya da rabi.

Sauran abu ɗaya da ke iya rushe duk wannan aiki: ba kowane RAW ne ɗanye ba. Wayoyi da yawa suna haɗa hotuna da dama su ba da DNG guda, wanda nau'in RAW ne, wasu kyamarori kuma suna tace hoto a doguwar shata ko a babban ISO ba tare da sun faɗa ba. Masu hoton taurari sun daɗe suna kokawa da wasu samfuran Sony da ke share ƙananan taurari a kan zaton fiksel masu lahani ne. In an tace, warwatsi zai ragu, lissafi ya nuna ilektiron da yawa fiye da gaskiya, kyamara ta fito kamar ta fi ƙarfinta. Don ganowa, a ɗauki bambancin hotuna biyun nan, a haɗa fiksel huɗu-huɗu na launi ɗaya a fitar da matsakaicinsu. In kowane fiksel da nasa yashin, warwatsi zai ragu zuwa rabi daidai, daga 44.8 zuwa 22.4. In ya tsaya a 28 ko 30, fiksel sun riga sun ɗebi na juna, wato an taɓa hoton. A irin wannan hali sai a sauya zuwa shatar ƙarfe in ana kan ta lantarki, a bar ɗauka a jere a koma ɗaya-ɗaya, a rage tsawon shata, a sake gwadawa har a gano saitin da tacewar ke farawa, a yi awon a ƙasa da shi.